Tambaya da Amsa: Tsofaffin Sulallan Azurfa na Ƙasar Hangari

Yawancin wasiƙun da suka taru a wannan karon a kan abu guda suke: ƙananan sulallan azurfar nan na Hangari masu hoton mace riƙe da jariri, musamman waɗanda aka buga tun daga zamanin Sarki Matiyas Korbinus (1458–1490) har farkon ƙarni na 17. Shi ne zamanin da Turawa ke kira Renesans, lokacin da ilimi da zane-zane suka farfaɗo a Italiya suka bazu, kuma fadar Matiyas na cikin na farko da suka karɓe shi, musamman bayan ya auri Biyatiris, 'yar sarkin Naples, a 1476. Mun taƙaita wasiƙun.

Tambaya: Na ga wani ɗan sule ana sayarwa a intanet, an rubuta 1541 a jikinsa. Mai shi ya ce azurfa ce, sunansa denar, kuma kuɗin da ya sa bai kai Yuro 15 ba. Abin da ya kusa shekara 500 zai yi wannan arha? Ni dai a sanina dinari zinariya ne. *Mai karatu daga Fagge, Kano*

Amsa: Malam, arhar ba ta nuna jabu ne ba. Tsufa ba shi ke sa tsada a wannan harka ba, ƙaranci ne. Denar ɗin 1541 na Sarki Ferdinand na Ɗaya ne, kuma gidan buga kuɗi na Kremnica ya zubo irinsa miliyoyi, shekara bayan shekara. Zamanin yaƙi ne, mutane suna binne kuɗinsu a tukwane, da yawa ba su dawo sun tone ba. Shi ya sa har yau kasuwa a cike take da su.

Sunan daga denarius na Rumawa ya fito, wanda sulen azurfa ne. Larabawa suka ɗauke shi suka laƙaba wa kuɗin zinariya, daga nan muka samo dinari. A Hangari sunan ya zauna a kan azurfa.

Asalin wannan sule gyaran kuɗin da Matiyas ya yi ne a 1467, tare da ma'ajinsa János Ernuszt. Kafin nan sarakuna kan sauya kuɗi a kai a kai, a karɓi tsoho a ba da sabo da ragi, azurfar ciki tana ta raguwa. Matiyas ya tsayar da ma'auni ɗaya. A lissafinsu tsantsar azurfa lot 16 ce, denar kuwa aka yanka masa lot 8, wato rabi azurfa rabi jan ƙarfe. Daga mark ɗaya na Buda, kimanin giram 245, ana fitar da denar 416, kowanne ya tashi wajen giram 0.59. Denar 100 su ne forint ɗaya na zinariya, denar huɗu su ne sulen garas, rabin denar kuma shi ne obol. Faɗinsa milimita 15 zuwa 16, bai fi farcen babban yatsa ba. In ka narkar da shi, azurfar da za ka samu ba ta kai giram 0.3 ba. To ka ga ba ƙarfen kake saya ba.

Tambaya: Ina da guda shida, duk kamarsu ɗaya a idona. Ta yaya zan gane na wane sarki ne, kuma a ina aka buga? *Malamin makaranta daga Damagaram*

Amsa: Kamar tasu da gangan ce. Jama'a sun yarda da sulen Matiyas, don haka sarakunan da suka biyo baya ba su so su taɓa fasalinsa ba. Ka samo madubin ƙara girma mai ninki 10, ka zauna kusa da taga yadda haske zai zo ta gefe, domin hasken da ya sauko daga sama yana shafe haruffa.

Fara da fuskar da ke da garkuwa. An raba ta gida huɗu: layukan kwance na gidan sarautar Arpad, gicciye mai hannu biyu, kawunan damisa na Dalmatiya, da zaki. Waɗannan ba za su taimake ka sosai ba. Abin dubawa shi ne 'yar ƙaramar garkuwar da ke tsakiya, wadda ke ɗauke da tambarin gidan sarkin. In hankaka ne, galibi da zobe a baki, na Matiyas ne, don laƙabinsa ma na Korbinus daga sunan hankaka a Latin ya fito. In gaggafa ce mai buɗaɗɗun fukafukai, gidan Yagello ne na Folan, wato ko Uladislas na Biyu (1490–1516) ko ɗansa Luwis na Biyu (1516–1526). In kyarkeci ne, Yanos Zapolya (1526–1540). In kuwa garkuwa ce kawai mai ɗamara guda a kwance a tsakiya, tambarin Ostiriya ke nan, gidan Habsbug: Ferdinand na Ɗaya (1526–1564), Maksimiliyan (1564–1576), ko Rudolf (1576–1608).

Daga nan ka bi rubutun da ya kewaye baki, ka fara daga sama ka bi hannun agogo. Suna kake nema: MATHIE, WLADISLAI, LVDOVICVS, IOHANNES, FERDINAND ko FER, MAX, RVD. Ka tuna V tana zaman U. Harafin R shi kaɗai na nufin sarki, VNGARIE kuma Hangari. Sulallan Matiyas da na farkon mulkin Uladislas da haruffan Gotik aka rubuta su, masu kauri da lanƙwasa, inda M da N da A ke rikita sabon shiga. Ba su da shekara. Shekara ta fara fitowa a denar daga 1503, kuma a wajen lokacin ne haruffa suka koma miƙaƙƙu irin na Rumawa. Wannan sauyin haruffa shi ne inda Renesans ta fi bayyana a jikin sulen, fiye da hoton ma.

Sai ka juya. Hagu da dama na hoton matar akwai harafi ɗai-ɗai. Na hagu garin da aka buga ne: K Kremnica, wadda 'yan Hangari ke kira Körmöcbánya, yau tana Sulobakiya, kuma tun 1328 ake buga kuɗi a can; N Nagybánya, yau Baia Mare a Romaniya; B Buda; C Kassa, yau Košice; H Hermannstadt, yau Sibiu. Na dama kuwa alamar shugaban gidan buga kuɗin ne a lokacin, wanda za a kama in azurfa ta gaza. K-H, K-G da K-A, alal misali, 'yan gidan Thurzó ne: Hans, Georg da Alexius. Da waɗannan alamomi ake ƙiyasta shekarun sulallan Matiyas, tunda an san wa ya riƙe gidan a wane lokaci. Littafin Artur Pohl na 1982 a kan haka yake kacokan. Daga zamanin Ferdinand aka daina wannan a Kremnica, K-B ta zama alamar gari kawai.

Tarko biyu. In ka ga MAT tare da shekara ta 1600 da wani abu, ba Korbinus ba ne, Matiyas na Biyu ne na Habsbug (1608–1619), kuma ya fi arha. Masu sayarwa da yawa kan haɗa su, wasu da gangan. Na biyu, denar na Ferdinand mai 1565 ko na Maksimiliyan mai 1577 ba jabu ba ne, duk da sarakunan sun riga sun rasu. Gidan buga kuɗin ya ci gaba da sunan tsohon sarki na ɗan lokaci.

Tambaya: An sayar mini da biyu da sunan Luwis na Biyu. Na 1518 fari ne, da rubutu kewaye. Na 1523 ja-ja ne, babu sunan sarki, shekara ce kawai a saman garkuwa. An cuce ni? *Ɗan kasuwa daga Kaduna*

Amsa: Alhaji, ba kai aka cuta ba, talakawan Luwis aka cuta. A 1521, shekarar da Sultan Sulaiman na Turkiyya ya ci Belgared, baitulmalin Hangari ya ƙafe, sai aka fito da sabon kuɗi da ake kira moneta nova. Aka rage azurfar daga lot 8 zuwa lot 4, kashi uku cikin huɗu jan ƙarfe ke nan, shi ya sa naka ya yi ja. Duba bayansa, za ka ga L a hagu, wato Luwis, harafin gari kuma ya koma dama: L-K ko L-B. Farashin kaya ya tashi, 'yan kasuwa suka ƙi karɓar sabo daidai da tsoho, masu haƙar ma'adinai na Besztercebánya suka yi tawaye a 1525 saboda da shi ake biyansu lada. A shekarar ce aka ɗora laifi a kan attajiran gidan Fugger na Jamus, aka ƙwace dukiyarsu a Buda, aka kuma koma tsohon ma'auni. Bai yi amfani ba. Ranar 29 ga Agusta 1526 rundunar Sulaiman ta ragargaza ta Hangari a Mohács, Luwis ya mutu wajen gudu. Ka ajiye biyun gefe da gefe, sun fi daɗin kallo a haka.

Tambaya: Na gaji liyari uku daga kakata, da su ake yi mata kwalliya. Akwai hoton mace, da 1780, kuma ɗana ya karanta HU a rubutun, ya ce Hangari ke nan. Suna cikin waɗanda kuke magana? *Mai karatu daga Katsina*

Amsa: Hajiya, ɗanki ya karanta daidai, amma ba sa ciki. Matar Mariya Tereza ce, HU BO REG kuma na nufin sarauniyar Hangari da Bohemiya, cikin jerin sarautunta. Ta rasu a 1780, aka ci gaba da buga sulen da wannan shekarar har zuwa zamaninmu, a Biyena da wasu biranen, saboda fataken Larabawa da na Afirka shi suka yarda da shi. Ta hanyar Sahara ya iso Barno da ƙasar Hausa. Nauyinsa giram 28, azurfarsa kashi 833 cikin 1000. Darajarsa ta azurfa ce da ta gado.

Kakansa dai yana cikin zancenmu. Babban sulen da ake kira tala, inda kalmar dala ta samo asali, Kremnica ta fara buga shi a kai a kai daga 1553, zamanin Ferdinand. Faɗinsa wajen milimita 40, nauyi tsakanin giram 28 da 29, azurfa kusan kashi tara cikin goma. Waɗannan ɗaruruwan Yuro ake sayensu, wasu dubbai. In an huda sule ko an liƙa masa kunne don rataya, masu tarawa kan rage masa kuɗi sosai, ko da an toshe hudar.

Tambaya: Yaya ake gane jabu? Wani maƙerin azurfa ya ce in kawo ya goga a dutse ya ɗiga asid. *Mai karatu daga Kumasi*

Amsa: Kada ka kai masa. Gwajin dutse na awarwaro ne da zobe. Denar bai kai kaurin rabin milimita ba, gogawa ɗaya ta cinye masa baki, kuma sakamakon ma ƙarya zai yi, saboda dalilin da za mu faɗa a amsa ta gaba. Kada kuma ka jefa shi ƙasa don jin ƙara, yana iya tsagewa.

Jabu iri biyu ne, kuma ba hukuncinsu ɗaya ba. Akwai na zamanin kansa. Bayan Mohács ƙasa ta rabu, kowane babban mai gari yana abin da ya ga dama, har an san Ferenc Bebek da narkar da ƙararrawar coci-coci yana buga kuɗin jabu a ganuwarsa ta Krasznahorka. Irin waɗannan jan ƙarfe ne aka shafa wa azurfa ko kuza, shafen ya goge a wuraren da suka ɗago. Mai sassaƙa hatimin sau da yawa bai iya karatu ba: N da S a juye, kalmar PATRONA da ke rubuce kewaye da hoton matar ta zama tarin sanduna, shekara ta fito wadda ba ta dace da sarkin ba. Su ma tsofaffi ne, akwai masu tara su, sai dai a saya da sunansu na jabu.

Na zamaninmu kuwa galibi zubi ne, alhali na gaskiya da guduma aka buga shi tsakanin hatimi biyu na ƙarfe. Zubi yana barin ɗinki a kewayen baki ko sawun zarto inda aka goge ɗinkin, da ƙananan ramuka da ƙuraje a fili, haruffa kuma su yi laushi kamar sabulun da ya sha ruwa. In mai sayarwa yana da biyu da suka yi daidai har wajen karkacewar bugu da tsagar baki, daga uwa ɗaya aka zubo su. Bugun hannu ba ya haifar tagwaye. Akasin haka, hoto ya kauce daga tsakiya, ko haruffa su fito biyu-biyu don guduma ta yi tsalle, ko fuskar hoton ta shafe don bugu bai kai ba, duk alamun ƙwarai ne.

Ka sayi sikeli mai auna 0.01 na giram. Denar tsakanin 0.45 da 0.65 ba abin damuwa ba ne, domin a dunƙule ake auna su a gidan bugu, ba ɗai-ɗai ba. Maganaɗisu bai kamata ya kama shi ba, amma bai kama jan ƙarfe ma, don haka wannan gwaji rabin zance ne. Ga tala akwai gwajin ruwa: auna shi a bushe, ɗora kofin ruwa a sikeli ka mayar da shi sifili, ka ɗaure sulen da zare ka nutsar ba tare da ya taɓa gindi ko gefe ba, ka raba nauyin farko da abin da sikelin ya nuna. Giram 28.5 a raba da 2.77 ya ba da 10.3, daidai ke nan. In ka sami wajen 9, jan ƙarfe ne ko haɗinsa. A denar gwajin ba ya aiki, ruwan da yake turewa bai fi giram 0.06 ba, kuskuren lamba ɗaya ya rushe lissafin. Kuma a tala masu jabu suka fi zuba ƙarfinsu, don can riba take.

Tambaya: Nawa sun yi baƙi, ɗaya yana da ɗigon kore. In wanke da lemun tsami da toka kamar yadda ake wa kayan azurfa? *Mai karatu daga Maraɗi*

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Wannan ita ce hanyar da aka fi kashe sulallan nan. Haɗin rabi da rabi ba fari ba ne sosai. Kafin bugu, ma'aikata kan dafa faifan a ruwan gishiri da wani tsami da ke taruwa a gangar giyar inabi, ya cinye jan ƙarfen da ke sama, ya bar fatar azurfa siririya. Farin da kake gani ita ce wannan fatar. Toka, man goge baki da omo mai gari suna kankare ta, ciki mai ja ya fito, kuma ba ta dawowa. Lemun tsami da tsamiya kuwa suna shiga su ci jan ƙarfen ƙarƙashi, su bar fuska mai ramuka da fari irin na alli. Baƙin da ke damunka ba datti ba ne, azurfa ce ta haɗu da farar wutar da ke iska, kuma masu saye sun fi son sa da ƙyalli.

Abin da za ka iya yi kaɗan ne. In akwai ƙasa a jiki, jiƙa shi a tsarkakken ruwan da aka tace ta tururi, na kemis. Kada ka ɗauko ruwan batir a wurin mai caji, wani da asid a ciki. Sauya ruwan kullum har kwana bakwai, ka riƙa taɓa ƙasar da jiƙaƙƙen tsinken sakace, ba allura ba. In koren mai danƙo ne, daga ledar ajiya ya fito, irin mai laushin nan ta PVC. Sa sulen a tsantsar asiton cikin kwalba mai murfi minti 5 zuwa 10, nesa da wuta, ka sake ɗaurayewa da sabo, ka bar shi ya bushe da kansa. Ruwan goge farce ba ya maye gurbinsa, akwai mai da turare a ciki. In koren mai tauri ne kamar dutse, bar shi. In kuwa gari-gari ne, ka share ya dawo bayan makonni, gishiri ne ke cin jan ƙarfen daga ciki: ware shi daga sauran, ka tsare shi daga danshi.

Wanda ya lanƙwashe kada ka miƙe shi. Azurfar da ta daɗe a ƙasa takan yi gautsi, ta karye kamar ƙwai.

Wajen ajiya, damina ce abokiyar gaba. Kowane sule da gidansa, ko ƙoƙon roba mai tauri na milimita 16, ko ambulan takarda marar asid. Zuba su a akwati mai rufuwa gam, tare da ƙunshin ƙwayoyin shan danshin nan da ke zuwa a kwalin takalmi. In sun ƙoshi, a gasa su awa biyu a zafin digiri 120 a mayar. Nisanta akwatin daga robar ɗaure kuɗi, ulu, jarida da hayaƙin janareta, duk suna fitar da farar wuta. Da hunturu kuma kada ka share ƙura da tsumma, yashi ne, zai zana fuskar. Hura ta da famfon roba. A baki ake riƙe sule, a kan tawul.

Tambaya: Wace ce matar da ke jiki? *Ɗaliba daga Garwa*

Amsa: Nana Maryamu ce da Annabi Isa yana jariri, yadda Kiristoci ke zana su. PATRONA VNGARIE na nufin majiɓinciyar Hangari, bisa abin da suke ruwaitowa cewa sarkinsu na farko, Istifanus, wanda ya rasu a 1038, ya damƙa mata ƙasar. Bayan Turkawa sun kama Buda a 1541, sulen ya ci gaba da yawo a yankin da suke mulka, har yana fitowa a littattafan harajinsu da sunan penz. Hukuncin ajiye abu mai hoto kuwa, wannan fagen malamai ne.

Tambaya: Ina so in fara da ɗan kuɗi kaɗan. Ta ina? *Matashi daga Sakkwato*

Amsa: Fara da Ferdinand mai K-B, wanda ke da lamba 935 a kundin Lajos Huszár na 1979, kundin da dillalai ke kafa hujja da lambobinsa. Sayi biyu ko uku ka koyi karatu da su. Daga nan ko ka bi shekarunsa ɗaya bayan ɗaya, ko ka nemi sule ɗaya na kowane sarki daga Matiyas Korbinus zuwa Matiyas na Biyu, takwas ke nan. Mu mun fi son ta biyun. Maksimiliyan da Rudolf ba wuya, na gidan Yagello sun ɗan ɗara, na Korbinus mai kyau ya fi su, Zapolya ne zai sa ka jira. Wajen zaɓe, shekara ta fito cikakkiya, haruffan gari biyu su karantu, sunan sarki ya bayyana. Wanda ya cika ukun nan ya fi guda biyar da suka shafe, kuma ka guji tarin da ake sayarwa ba a wanke ba, an riga an tsince masu kyaun.

A Hangari da Sulobakiya da Romaniya, abin tarihin da aka tono daga ƙasa na hukuma ne, kuma fitar da tsofaffin kaya na iya buƙatar izini. Saboda haka ka saya a wurin dillali ko gidan gwanjo mai rajista wanda ke ba da rasiɗi da hoton sulen, kuma ya yarda a mayar masa in jabu ne. Kuɗin aikawa mai rajista yakan fi kuɗin denar ɗaya, gara ka tara biyar ko shida a aiko lokaci guda. Da sun iso, rubuta wa kowanne 'yar takarda: sarki, shekara, haruffan gari, nauyi, faɗi, lambar Huszár, wurin wa ka saya, yaushe, nawa. Da fensir, don tawada na iya zuba in danshi ya shiga.